Janar Murtala Ramat Muhammad a Fagen Yaƙin Basasa

An haifi marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga soja a 1958, sannan ya sami horo a Sandhurst ta ƙasar Ingila. Yawancinmu mulkinsa na kimanin kwana 200 muka sani, ba mu cika waiwayar rawar da ya taka a yaƙin basasa ba.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari, shi ne mafarin fitinar. Da Janar Ironsi ya soke tsarin jihohi a watan Mayu, sai Arewa ta ga an zo mata iya wuya. Murtala na cikin jagororin juyin ramuwa na 29 ga Yuli, kuma a lokacin araba yake so, wato Arewa ta ɓalle. Daga baya aka shawo kansa, Gowon ya hau mulki.

Talakawa ne suka ɗanɗana kuɗarsu. An kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu. A watan Oktoba Ojukwu ya umarci waɗanda ba 'yan Gabas ba su fice. Fataken shanu da 'yan tireda da suka shekara da shekaru a can suka taho gida, wasu daga su sai rigar wuyansu.

Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, aka gwabza daga 6 ga Yuli. Dabarar Gowon ita ce a yi wa Biyafara zobe, a toshe mata teku. Shi kuwa Ojukwu ya aika dakaru suka mamaye jihar Yamma ta Tsakiya a watan Agusta, suka doshi Legas har Ore. Nan aka ɗora wa Murtala runduna ta biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa, ya fatattake su, ya ƙwace Binin a watan Satumba. Sai dai kisan da sojojin rundunarsa suka yi wa ɗaruruwan fararen hula a Asaba a watan Oktoba tabo ne da ba ya gogewa.

'Yan Biyafara sun karya gadar Kogin Kwara da suka ja da baya. Hedikwatar soja ta ba da shawarar a haye ta Idah a ɓullo wa Anaca ta ƙasa. Murtala, mutum ne mai zafin nama da kafiya, ya ce sai ta ruwa daga Asaba. Sau uku ana gwadawa ana asarar sojoji da makamai. A ƙarshe dai ta Idah ɗin ya bi, ya kama Anaca a watan Maris na 1968, amma a ƙarshen watan aka yi wa ayarin motocinsa kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone shi ƙurmus. Ba da jimawa ba ya bar fagen daga.

Inugu ta riga ta faɗi tun Oktoban 1967, Fatakwal ta bi baya a Mayun 1968, yunwa ta ƙarasa sauran, aka ajiye makamai a Janairun 1970.

Murtala ya zama shugaban ƙasa a Yulin 1975. Sojojin Laftanar Kanar Dimka suka harbe shi a Legas ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, aka binne shi a Kano. Allah ya jiƙansa.