Walter Skeat, Mai Bin Sawun Kalmomin Ingilishi

An haifi Walter William Skeat a birnin Landan a shekarar 1835. Ya yi karatu a Jami'ar Kembirij, daga nan ya kama aikin coci. Ciwon maƙogwaro ya raba shi da wa'azi tun da ƙuruciyarsa, sai ya koma Kembirij a 1864 yana koyar da lissafi. A can ne ya duƙufa kan tsofaffin rubuce-rubucen Ingilishi, har aka naɗa shi farfesan tsohon Ingilishi a 1878.

A zamaninsa, mutane da yawa da ka suke faɗin asalin kalma: da sun ji kalmomi biyu sun yi kama, sai su ƙulla musu zumunci. Skeat ya ƙi wannan hanya. A ƙamusunsa na asalin kalmomin Ingilishi, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1879 da 1882, ya shimfiɗa ƙa'idoji: a nemo siffar kalma mafi daɗewa a rubuce, a tabbatar masu harsunan biyu sun taɓa cuɗanya, sannan a bi dokokin sauyin sauti.

Kalmar "cattle", wato shanu, ta isa misali. Tushenta "caput" na Latin, ma'ana kai, wanda ya haifi "capitale", dukiya. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmar ta shiga Ingilishi ta ƙofa biyu. Karin harshen arewacin Faransa ya riƙe sautin /k/, ya ba da "catel". Na tsakiyar ƙasar kuwa ya sauya sautin, ya ba da "chatel", wanda ya zama "chattel", kadara. Da farko "cattle" dukiya ce kowace iri, sannu a hankali ma'anar ta tsuke ta koma kan dabbobi, daga baya kan shanu. Kalmar Faransanci "cheptel", da ma'aikatan kiwo ke rubutawa kullum a Nijar, ƴar gidan ce.

Skeat ya kafa ƙungiyar nazarin kare-karen Ingilishi a 1873, ya kuma tace ayyukan Chaucer. Ya rasu a Kembirij a 1912. Bincike ya gyara wasu bayanansa, amma ƙa'idojinsa na nan daram. Ɗalibin da ke bin sawun kalmomin aro na Larabci ko Faransanci a Hausa, su ne za su hana shi ɗaukar kama da wane a matsayin wane.