Ben Enwonwu: Ɗan Masassaƙin Da Bai Yar Da Gizagon Ubansa Ba

Sa'ad da nake yaro a Kazaure, akwai wani tsohon masassaƙi a bayan gidanmu wanda yake mayar da kututturen ƙirya turmi, yake kuma sassaƙa akushi da ƙota yana kaiwa kasuwannin ƙasar Roni da Gwiwa, har Babura. 'Ya'yansa duk sun yi boko, babu kuma ko ɗaya da ya gaje shi. Shi nakan tuna duk lokacin da na karanta tarihin Ben Enwonwu.

An haifi Enwonwu a Anaca ranar 14 ga Yulin 1917. Mahaifinsa masassaƙin gargajiya ne na ƙabilar Ibo, ya rasu a 1921 ya bar wa yaron kayan aikinsa. A shekarun 1930 wani malami Bature, Kenneth Murray, ya koyar da shi zane a kwalejin gwamnati, a Ibadan da Umuahia. Murray yana da wata aƙida da ba kasafai ake samunta wurin Turawan zamanin ba, wato ɗalibi ya fara sanin fasahar gidansu kafin ya leƙa ta wasu. A 1937 aka baje ayyukan ɗalibansa a Landan, har da na Enwonwu. A 1944 ya tafi Ingila, ya yi karatu a makarantar fasaha ta Slade, a 1948 kuma gwamnati ta naɗa shi mai ba ta shawara kan fasaha.

Duniya ta fi saninsa da mutum-mutumin tagulla na Sarauniya Elizabeth da ya kammala a 1957, da kuma Anyanwu, wanda yake gidan tarihi na Legas, wanda Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kwafinsa a 1966. Da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari in ɗan ratsa: sunan nan rana yake nufi, kuma haɗi ne na kalmomin Ibo biyu, ido da hasken rana.

Amma ni aikinsa na itace ya fi burge ni. A 1961 aka kafa wasu siffofi bakwai da ya sassaƙa wa jaridar Daily Mirror a hedkwatarta da ke Landan. Kowace tana riƙe da buɗaɗɗiyar jarida, amma ba kwaikwayon jikin ɗan Adam ya yi ba. Ya miƙe su sun yi zanƙal-zanƙal, ya rage abin da ya ga dama, har jaridun suka koma kamar fukafukai. Turawa sun ɗauki irin wannan salo sabon abu ne nasu, alhali masu zanensu na farkon ƙarni na 20, irin su Picasso, daga sassaƙar Afirka suka tsinto shi. Enwonwu ba aro ya yi ba, a gidansu ya tarar da shi. Daga baya siffofin suka yi ɓatan dabo, sai a 2012 aka gano su jibge a garejin wata makaranta a gabashin Landan, a 2013 aka yi gwanjonsu a kan fam 361,250.

Na san wani mai karatu zai ce ina ruwan Musulmi da gumaka. Ba zan yi jayayya da malamai kan hukuncin surar abu mai rai ba. Sai dai Hausa kanta ta raba gunki, wanda ake bauta wa, da sassaƙa, wadda sana'a ce. Hasali ma, adon da masassaƙanmu suke yi wa akushi da kujera, da dagin da magina suke zanawa a fuskar soro, ba su kwaikwayi wata halitta ba, layi ne da kusurwa da lanƙwasa. Ke nan abin da ake koyarwa a manyan makarantu da sunan fasahar zamani muna da tushensa, kuma babu abin ƙyama a ciki. Raini ne kurum ya hana mu gani.

A Zariya ma aka ɗora kan wannan tunani. A 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta nemi a gwama ilimin Turai da fasahar gida. Ko ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ba Bahaushe ba ne, ga shi kuwa a tsakiyar ƙasar Hausa aka yi abin.

Enwonwu ya zama farfesan fasaha a Jami'ar Ife a 1971, ya rasu a Legas ranar 5 ga Fabrairun 1994. A 2018 an sayar da zanensa mai suna Tutu fiye da fam miliyan ɗaya. Tsohon bayan gidanmu kuwa, da na je gaisuwar rasuwarsa na tambayi gizagonsa, sai aka ce da ni an haɗa shi da tsofaffin ƙarafa an sayar wa 'yan gwangwan.