Agustin: Ɗan Ƙauyen Da Birni Ya Kusa Cinyewa

Jama'a, yau ga tarihin Waliyyi Agustin, mutumin Afirka ta Arewa wanda Kiristoci ke ambata in ana zancen yaƙi da jaraba. An haife shi a shekarar 354 a Tagaste, watau Suk Aharas ta ƙasar Aljeriya a yau. Uwarsa Monika Kirista ce mai yawan addu'a, ubansa kuwa sai dab da mutuwa ya karɓi baftisma.

Yana da shekara kamar 17 aka tura shi karatu birnin Kartaj, kusa da Tunis. To, ku da kuka bar gida kuka zo Ikko ko Badun kun san yadda birni yake yi wa saurayin da ba idon iyaye a kansa. Ya ɗauki mace ba aure, suka zauna shekara wajen 15, ta haifa masa ɗa, Adeyodatus. Shi da kansa ya faɗa cewa yakan roƙi Allah ya ba shi kamun kai, amma a ransa yana fatan kada a amsa da wuri.

A shekarar 384 ya sami aikin koyar da fasahar magana a Milan ta Italiya, inda wa'azin Bishop Amburos ya fara ratsa shi. Uwarsa ta nema masa yarinyar gidan mutunci, aka sallami matar farko ta koma Afirka. Da aka ce sai ya jira shekara biyu kafin aure, bai iya ba, ya sake ɗauko wata. Abin da ya gane a nan shi ne, sha'awar da aka bi takan zama al'ada, al'adar da ba a tsayar ba kuwa takan zama sarƙa. Ya ga misali ga abokinsa Alifiyus, wanda aka ja shi kallon wasan kashe-kashe a Rum. Ya rufe ido gam, amma da ya ji ihun jama'a sai ya buɗe, shi ke nan ya zama ɗan kallo.

A shekarar 386, yana kuka a wani lambu, ya buɗe Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 13, inda aka hana shaye-shaye da fasikanci. Daga nan ya yanke. Ya bar aikin, ya fasa auren, aka yi masa baftisma a Istan 387, ya koma gida.

Ya zama firist a Hippo, Annaba ta yanzu, a 391, daga baya bishop. Da wani malami, Pelagiyus, ya koyar cewa mutum zai iya guje wa zunubi da ƙarfin niyyarsa, Agustin ya ƙi, ya ce niyya ba ta tsayawa sai da alherin Allah. A ganina, wanda ya sha kaye ne kaɗai zai yi wannan gardama da zafi haka.

Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75, mayaƙan Bandal sun kewaye garin, shi kuwa yana karanta Zaburar tuba da ya sa aka manna masa a bango.