Likita Mila na Zariya, da Wuraren da Ekklesiya ta Zauna

A wannan wata muna so mu ba masu karatu labarin Likita Mila, wanda tsofaffinmu na ƙasar Zazzau su kan ambaci sunansa har wa yau. Yawancinmu mun san shi ta wurin aikin juya Littafi Mai Tsarki. Amma akwai wani abu cikin zamansa da ya kamata dattawan ekklesiya su lura da shi, tun ba waɗanda su ke neman fili domin su kafa sabuwar masujada a unguwannin bayan gari ba, inda samari masu sabon aure su ke gina gidajensu. Gama 'yar ekklesiyar da ta taso a hannunsa ta zauna wuri huɗu cikin shekara talatin, kowane wuri kuwa da abin da ya koya mata.

Sunansa na yanka Walter Miller. An haife shi a Ingila cikin 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew cikin birnin Landan. Sa'anda ya ba da kansa ga Mishan ta C.M.S. domin aikin ƙasar Hausa, aka aike shi Tarabulus ya koyi harshen tukuna, gama a zamanin nan fatake da alhazai Hausawa su kan yada zango can. Ya zauna tare da su, ya ji Hausa daga bakin masu ita, har ya ƙware ƙwarai.

Cikin 1900 ya taso daga Ikko tare da Bishop Tugwell da waɗansu Turawa uku, suka nufi Kano ta ƙasa. Suka isa bayan wahala mai yawa, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga ƙasarsa. Suka komo kudu, suka sauka a Girku, wani ƙaramin gari kudu da Zariya. Nan ɗaya daga cikinsu, mai suna Ryder, ya rasu. Girku ba zaɓensu ba ne, wurin da aka bar su su sauka ke nan. Mila ya yi magani, ya ci gaba da juyi, amma zuciyarsa tana wurin manyan birane inda jama'a su ke, gama ya gane mai shelar bishara ba shi da amfani nesa da kunnuwan da za su ji.

Cikin 1905 ya sami izni ya shiga birnin Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Ya zauna cikin ganuwa, ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara. A nan ya sami abin da ya rasa a Girku, wato mutane. Malamai su kan zo su yi muhawara da shi, marasa lafiya su kan zo neman magani, yara kuma suna koyon karatu a gidansa. Amma birni yana da tasa wuya. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka ba su saki jiki da zamansa ba. Yaran da suka ba da gaskiya kuwa, sa'anda suka yi girma suka isa aure, sai tambaya ta taso: ina za su gina gida, ina za su yi noma, ina 'ya'yansu za su tashi? Gidan mishan ɗaya ba ya iya ɗaukar zuriya.

Ana cikin haka, a 1913, waɗansu baƙi suka zo wurinsa. Su daga cikin Isawa ne, wato almajiran wani malamin Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya yi ta binciken abin da aka faɗa a kan Annabi Isa, har ya ɗaukaka shi ƙwarai cikin koyarwarsa. Aka kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi, mutanensa suka watse wajen Ningi da ƙauyukan Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu. Da zuriyarsu suka ji bishara, da yawa suka karɓa, aka yi musu baftisma. Waɗannan magidanta ne, da mata da 'ya'ya, manoma kuma, suna warwatse nan da can. Aka ga ya fi kyau a tara su wuri ɗaya domin a koya musu, su kuma ƙarfafa juna.

Aka sami fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau. Ga wanda ya duba da ido, wurin ba shi da aibi. Ga ƙasar noma, ga ruwa kusa, ba mai tsangwamarsu. Wani fasto baƙin mutum daga tsibiran Indiya ta Yamma, mai suna Thompson, ya zauna tare da su. Aka gina masujada da makaranta, aka yi gonaki, ya koya musu matse rake su dafa mazarƙwaila, sana'ar da ta bazu a wannan yanki daga baya. Aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, kowa yana tsammani an sami mazauni ke nan.

Amma cikin kurmin bakin rafi akwai ƙudan tsando. Wannan ƙuda yana son inuwa da laima, ya kan jira a mashaya da wurin wanki da mahayin rafi. In ya ciji mai ciwon barci, ya ɗauki ƙwayar cutar, sai ya kai wa na gaba. Ciwon ya kan soma da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga baya mutum ya rame, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, har ya mutu. Waɗanda su ke zuwa rafi kullum kuwa, ai mata ne da yara. Cikin 'yan shekaru kaɗan ciwon ya cinye mutanen Gimi da yawa, ƙauyen ya watse, aka kwaso sauran, da marayu a cikinsu, aka kai su Zariya. Ruwan nan da ya jawo su, shi ne ya ɓoye abin da ya hallaka su. Ba mu ba kowa laifi ba, gama a lokacin sanin wannan cuta bai yi nisa ba. Sai wajen ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta tashi sosai a yankin Anchau, ta sare kurmin bakin rafuffuka, ta gina sabon gari mai suna Takalafiya.

Komowar mutanen Gimi ta ƙara cunkoso a gidan mishan na birni, hukuma kuma tana ta matsawa a fita. Mila ya daɗe yana ƙi, gama ya sha wuya kafin ya shiga birnin, yana kuwa ƙaunar mutanensa. Duk da haka cikin 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, kusa da dutse, tafiya kaɗan daga ganuwa, Guy Bullen yana shugabancin aikin. Aka gina masujada ta St. Bartholomew da jar ƙasa, ginin Hausa sosai, tana nan tsaye har yanzu. Aka kafa asibitin St. Luke, da makarantun maza da mata. Wusasa ba ta yi nisa da kasuwa da jama'ar birni ba, tana kuwa da filin da saurayi zai gina ɗakin amaryarsa, da magani kusa sa'anda yaro ya kwana da zazzaɓi.

Amfanin wurin ya bayyana a kan 'ya'yan da suka tashi cikin wannan jama'a. Daga cikinta aka sami Dokta Dikko, likita na fari daga Arewa, da Ishaya Audu, zuriyar Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa, mahaifinsa yana aikin bishara.

Shi Mila kuwa ya koma Kano, ya duƙufa a kan juyi tare da abokan aikinsa, har aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, ya rasu cikin 1952 yana da shekara 80.

'Yan'uwa, mun ga sau da dama komiti ya kan karɓi fili domin yana da araha, ko domin wani mai arziki ya bayar kyauta, a gina, sa'an nan a tarar mace mai goyo ba ta iya kaiwa can da damina. Littafin Farawa sura 13 ya nuna mana yadda Lutu ya zaɓi kwarin Urdun domin ya ga ruwa da dausayi, bai bincika sauran ba. Kafin a sa hannu a takarda, bari dattawa su taka wurin da ƙafarsu, rani da damina. Su duba ko iyalan da a ke nema suna zaune kusa. Su tambayi ruwan da a ke sha, da inda sauro ke kwana, da nisan asibiti da makaranta. Su gai da mai unguwa da maƙwabta, su tabbata takardar filin sahihiya ce. Su ji shawarar matan ekklesiya kuma, gama su ne za su ɗauko yara kowace Lahadi.

Mu gode wa Allah domin bawansa Likita Mila, mu tuna da waɗanda su ke kwance a Gimi. Mu yi addu'a kuma domin kowace ekklesiya da ta ke neman wuri a wannan shekara, Ubangiji ya bishe ta inda 'ya'yanta za su rayu, su yi girma cikin saninsa.