Nikolas Winton, wanda ya ceci yara 669 ya yi shiru

Masu karatu, tarihinmu na yau na wani Baturen Ingila ne, Nikolas Winton. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai jagoranci soja ba. Da alƙalami da takarda da tamburan wasiƙa ya kuɓutar da yara 669 daga hannun Hitila, sannan ya yi kusan shekara 50 duniya ba ta san da aikinsa ba.

An haife shi a birnin Landan ran 19 ga watan Mayu 1909. Iyayensa Yahudawa ne ƴan asalin Jamus da suka koma Ingila da zama, suka yi renonsa cikin addinin Kirista. Bayan ya gama lakwal ya koyi aikin banki a Jamus da Faransa, kana ya komo gida ya zama dillali a kasuwar hannun jari ta Landan.

A wannan zamani Hitila yana mulkin Jamus, ya kuwa ɗaura aniyar kawar da Yahudawa. A watan Satumba 1938, a taron birnin Munik, Ingila da Faransa suka yarda ya haɗiye yankin Sudet na ƙasar Cekoslobakiya. Dubban mutane suka gudo daga can zuwa Parag, babban birnin ƙasar, suka zauna a sansani cikin tsananin sanyi. A watan Nuwamba kuma aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa, aka farfasa shagunansu a duk faɗin Jamus.

A watan Disamba na shekarar, Winton yana shirin tafiya hutu ƙasar Suwis sai abokinsa Martin Blake ya kira shi ya zo Parag. Da ya je ya zaga sansanin, ya tarar ana ƙoƙarin fitar da manya waɗanda ake nema saboda siyasa, amma babu wani tsari domin yara. Sai ya ɗauki wannan nauyi. Ya mai da otal ɗin da ya sauka biro, iyaye suka yi ta zuwa suna rubuta sunayen ƴaƴansu, suna ba da hotuna, suna roƙon baƙon da ba su sani ba ya tafi da su.

Gwamnatin Ingila ta yarda ta karɓi yaran da ba su kai shekara 17 ba, bisa sharaɗi biyu: kowane yaro a samo masa gidan da zai riƙe shi, a kuma ajiye fam 50 na jingina, kuɗi masu yawa a lokacin. Bayan kamar mako uku Winton ya koma Landan. Da rana yana wurin aikinsa, da dare shi da mahaifiyarsa da ƴan mataimaka kaɗan suna rubuta wasiƙu, suna buga hotunan yaran a jaridu, suna neman masu riƙo da masu ba da kuɗi, suna bin ma'aikatar cikin gida don takardun shiga ƙasa. Ya rubuta wa Amurka, ba ta karɓa ba. Can Parag kuwa, Trevor Chadwick, wani malamin lakwal, da Doreen Warriner su ne ke cikin haɗari, musamman bayan sojan Jamus sun shiga birnin ran 15 ga watan Maris 1939.

Daga watan Maris zuwa watan Agusta aka fitar da ayari takwas. Mafi yawan yaran sun bi jirgin ƙasa ta cikin Jamus zuwa Holand, suka ƙetare teku, aka sauke su a tashar Liverpool Street ta Landan, kowane da lamba rataye a wuya, inda masu riƙo ke jiransu. Iyayen da suka yi musu rakiya a tashar Parag, galibinsu ba su ƙara ganin ƴaƴansu ba, don an hallaka su cikin Yahudawa wajen miliyan 6 da aka kashe.

Ayari na tara, mai yara kamar 250, an shirya tashinsa a farkon watan Satumba 1939. Ran 1 ga watan Jamus ta auka wa Polan, yaƙi ya ɓarke, aka rufe iyaka. Jirgin bai tashi ba, kusan dukan yaran nan kuwa ba su tsira ba. Abin da ya raba su da sauran, ƴan makonni ne kawai. Wannan jirgi ya tsaya wa Winton a rai har tsufansa.

A lokacin yaƙi ya tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, daga baya ya shiga sojan sama. A 1948 ya auri Grete Gjelstrup, ƴar ƙasar Danmark, suka zauna a garin Maidenhead. Ya ba da ƙarfinsa wajen gina gidajen tsofaffi da taimakon masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Kundin da ke ɗauke da sunayen yaran da hotunansu yana ajiye a gidansa.

A 1988 kundin ya kai hannun Elisabeth Maxwell, mai binciken tarihin kisan Yahudawa, daga nan ya kai gidan talabijin na BBC. Aka gayyato Winton ya zauna cikin ƴan kallo. Da mai gabatar da shirin ta nemi duk wanda ya ceta ya miƙe, sai mutanen da ke kewaye da shi suka tashi tsaye, dattawa masu furfura, yaran jiya. Cikin waɗanda ya ceta akwai Alf Dubs, wanda ya zama ɗan majalisar Ingila, da Karel Reisz mai shirya finafinai.

Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin girma na Sir a 2003, ƙasar Cek ta ba shi babbar lambarta a 2014. Duk da haka bai daina mai da yabon ga Chadwick da sauran da suka zauna Parag ba. Ya rasu ran 1 ga watan Yuli 2015 yana da shekara 106. A yau mutum-mutuminsa yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Parag, da yara biyu da akwati, a wurin da iyaye suka yi bankwana da ƴaƴansu.