William Hanna: mutumin da ya auna gudun Tom da Jerry

Da wuya a samu wanda ya tashi kusa da akwatin talabijin a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai bai taɓa kallon muzuru Tom yana bin ɓera Jerry da gudu ba. Har yau ana kallonsu a wayoyin salula, yara da manya, wanda ya yi boko da wanda bai yi ba, domin dariyar ba ta neman Turanci ko Faransanci. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro su fiye da shekara 80 da suka wuce, wato William Hanna da Joseph Barbera. Barbera ne gwanin zane da ƙago abin dariya. Hanna kuwa aikinsa ba ya bayyana a ido: shi ke auna lokaci, ya yanke daƙiƙar da duka zai sauka da tsawon shirun da zai biyo baya.

An haifi William Hanna ranar 14 ga Yulin 1910 a garin Melrose na yankin New Mexico a Amurka. Shi kaɗai ne namiji cikin ƴaƴa bakwai. Mahaifinsa mai kula da aikin shimfiɗa layin dogo da bututun ruwa ne, abin da ya sa iyalin suka yi ta ƙaura daga gari zuwa gari kafin su zauna a jihar Kalifoniya. Tun yana ɗan sakandare yake busa saksofon a wata ƙungiyar makaɗa, kuma kunnen da ya samu a wajen kiɗa shi ya zama jarinsa daga baya.

Ya fara karatun aikin jarida da na injiniyan gini, amma karayar tattalin arzikin da ta afka wa Amurka a 1929 ta raba shi da makaranta. Ya yi aikin gini a gidan sinima na Pantages da ke Hollywood, da aikin ya ƙare ya koma wankin mota. A 1930 ya samu shiga kamfanin zanen katun na Hugh Harman da Rudolf Ising ba tare da ya taɓa koyon zane a makaranta ba. Cikin ɗan lokaci ya zama shugaban sashen tawada da fenti, yana kuma rubuta waƙoƙin finafinan. A 1936 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko mai suna To Spring, kuma a shekarar ce ya auri Violet Wogatzke, wadda suka zauna tare sama da shekara 64.

A 1937 kamfanin MGM ya buɗe nasa sashen katun, ya ɗauki Hanna. Jerin finafinan da aka fara ba shi, Captain and the Kids, bai samu karɓuwa ba, sai aka rage masa matsayi zuwa mai tsara labari. Wannan koma-baya ne ya zame masa alheri, domin teburinsa ya faɗo kusa da na Joseph Barbera, wani matashi daga birnin New York. Su biyun suka yanke shawarar gwada labarin da kowa ke gani ya tsufa: mage da ɓera. Fim ɗin, Puss Gets the Boot, ya fito a Fabrairun 1940, kuma a cikinsa sunan muzurun Jasper. Shugaban sashen, Fred Quimby, bai so a ci gaba ba, amma da fim ɗin ya shiga takarar lambar Oscar, masu gidajen sinima kuma suka nemi ƙari, sai ya sakar musu mara. A 1941 aka fito da The Midnight Snack, inda sunayen Tom da Jerry suka tabbata.

Daga 1940 zuwa 1958 sun yi gajerun finafinan Tom da Jerry guda 114, kowanne kimanin minti bakwai. Labarin bai taɓa canzawa ba: babba yana bin ƙarami, ƙarami yana kuɓuta da wayo. Mai sauraron tatsuniyar Gizo da kura ya san daɗin ganin mai ƙarfi ya sha ƙasa a hannun mai dabara. To amma me ya sa abu guda da aka maimaita sau ɗari bai gundiri mutane ba?

Amsar tana cikin aikin Hanna. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Bayan Barbera ya zana yadda labarin zai gudana, Hanna ke zama da takardar lissafi ya rubuta hoto nawa kowane motsi zai ci. In ƙarfen guga ya faɗo wa Tom a ƙafa, ba nan take yake ihu ba. Yakan tsaya cak, ya dubi ƙafar, fuskarsa ta canza, sannan ƙarar ta fashe. Wannan ɗan jinkiri shi ne gidan dariyar. In ya gajarta mai kallo bai gama fahimta ba, in ya yi tsawo abin ya huce. Mawaƙin sashen, Scott Bradley, yana ɗora kiɗa daidai kan wannan awo, ta yadda kowane taku da kowane duka ke da sautinsa. A fim ɗin The Cat Concerto, Tom na kaɗa wani shahararren kiɗan fiyano na Franz Liszt, Jerry kuma na cikin fiyanon yana ɓata masa lissafi, faɗan duka yana tafiya kan bugun kiɗan. Shi kansa ihun Tom da duniya ta sani muryar Hanna ce aka naɗa.

Jerin ya ci lambar Oscar sau bakwai, daga The Yankee Doodle Mouse na 1943 zuwa Johann Mouse. Sai dai Quimby ne ke hawa dandali ya karɓa a matsayinsa na furodusa, su Hanna suna zaune. Finafinan ba su kuɓuta daga suka ba. Akwai masu ganin dukan ya yi yawa ga yara. Akwai kuma baƙar mace mai aikin gida da ke fitowa a wasu daga cikinsu, wadda aka zana bisa irin kallon rainin da ake yi wa baƙar fata a Amurka ta wancan zamani. Daga baya an yanke ko an sauya wasu wuraren kafin a nuna su a talabijin.

A 1957 MGM ya lura cewa sake nuna tsofaffin katun na kawo kuɗi ba tare da an kashe ko sisi kan sababbi ba, sai ya rufe sashen. Hanna da Barbera suka wayi gari ba su da aiki. A watan Yulin shekarar suka kafa nasu kamfani, suka jefa kwabo sama don a san sunan wa zai zo farko, Hanna ya ci. Kasuwar da ta rage musu ita ce talabijin, wadda kuɗinta bai kai ko kusa da na sinima ba. Dole suka rage yawan zane: jiki ya tsaya wuri guda, baki da kai kawai ke motsi, bangon baya kuma ya yi ta maimaituwa in ana gudu. Shi ya sa Yogi Bear ke sanye da kwala da nakatayi, don a iya sake zana kai ba tare da an taɓa gangar jiki ba. Mutumin da ya yi suna da katun marar magana ya koma dogaro da surutu, har masu suka na cewa abin ya fi kama da rediyo mai hoto.

Duk da haka dabarar ta samar wa ɗimbin masu zane aiki a lokacin da manyan kamfanoni ke sallamar su. The Huckleberry Hound Show ya zama katun na farko da ya ci lambar Emmy a 1960. A shekarar aka fara The Flintstones, wanda ya kai kashi 166. Scooby-Doo ya biyo baya a 1969, sai The Smurfs a 1981, waɗanda masu jin Faransanci suka sani da Les Schtroumpfs, ƙirƙirar mai zane Peyo ɗan ƙasar Beljiyam. A 1966 sun sayar da kamfanin ga Taft Broadcasting kan dala miliyan 12, amma suka ci gaba da jagorancinsa. Tarin finafinansu na cikin abin da aka kafa tashar Cartoon Network a kansa a 1992.

Hanna mutum ne mai son zaman gida, tuƙin jirgin ruwa da rera waƙa cikin ƙungiya, Barbera kuwa ɗan shiga taron taurari. Ba su cika hulɗa a wajen aiki ba, amma sun yi kusan shekara 60 tare. Hanna ya rasu ranar 22 ga Maris 2001 a gidansa da ke North Hollywood sakamakon ciwon dajin maƙogwaro, yana da shekara 90. Barbera ya bi shi a 2006.

Katun ɗin da suka yi wa talabijin sai an fassara su kafin su shiga wata ƙasa. Tom da Jerry na farko kuwa suna tsallaka iyaka yadda suke, shi ya sa ɗan Nijar da ke zaune a Faransa zai iya kallonsu da ƴaƴansa da ba su iya Hausa ba, su fashe da dariya a daƙiƙa guda, daidai wurin da Hanna ya auna.