Cheikh Anta Diop: masanin da ya gina wa Afirka ɗakin auna tururin nukiliya

Ran 13 ga Fabrairu 1960, mako shida bayan Kamaru ta sami 'yancin kai, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Wata taswirar soja da aka ɓoye fiye da shekara hamsin ta nuna burbushinsa ya kai Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, dab da iyakar arewacin Kamaru. Mutanen Garwa da Marwa, masu shaƙar ƙurar hamada duk hunturu, ba su da hanyar sanin abin da iska ta kawo musu. Alƙaluman suna hannun wanda ya tayar da bam ɗin.

A shekarar ne Cheikh Anta Diop ya koma gida Senegal da digirin dokta daga jami'ar Sorbonne. An haife shi ran 29 ga Disamba 1923 a ƙauyen Caytou, yankin Diourbel. Ya tafi Paris a 1946, ya karanci falsafa da tarihi, ya kuma koyi kimiyyar nukiliya a ɗakin binciken Frédéric Joliot-Curie. An fi saninsa da hujjojinsa cewa tsoffin Misirawa baƙaƙen fata ne, amma ya gane tarihi ma yana buƙatar awo.

Don haka ya kafa ɗakin gwajin kabon-14 a cibiyar IFAN ta Dakar, wanda ya soma aiki a 1966. Kabon-14 yana samuwa ne can sama idan hasken sararin samaniya ya bugi iska. Tsirrai su shaƙe shi, dabbobi su ci tsirran. Bayan mutuwa rabinsa kan ɓace duk shekara 5,730, sai a lissafa shekarun ƙashi ko gawayi da abin da ya rage. Gwaje-gwajen bam a sarari, galibi na Amurka da Tarayyar Sobiyet, sun kusan ninka shi a iskar arewacin duniya wajen 1963. Dole mai wannan awo ya iya bambance na halitta da na bam, kuma Diop ya nuna 'yan Afirka za su iya yin aikin a gida.

A Janairun 1986 ya zo Yawunde taron masana kayan tarihi. Ya rasu a Dakar ran 7 ga Fabrairu 1986. Tun 1987 jami'ar birnin ke ɗauke da sunansa.